Sun ce in biya dubu 35 a wanke min BVN kafin a sako rancen, in biya?

Abban Sadik Tela:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a yi min dariya, abin da ke damuna ya ishe ni.

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada. Tun bara nake son sayen keken aikin wuyan riga da ɗan janareta, domin duk sallah sai na kwashi kayan mutane na kai Sabon Gari a yi musu aiki, rabin ribar can take tafiya. Na je bankin da nake ajiya na nemi dubu 500, aka ce in dawo bayan sati. Da na koma, yarinyar da ke kan teburin ta juyo min da fuskar kwamfuta ta ce sunana yana da tabo, akwai bashin da ban biya ba. Kuma gaskiya ne. A 2023 da aka yi wa maiɗakina aiki wajen haihuwa na ci dubu 40 a wata manhajar waya. Na biya wani abu, ragowar ya gagara, suka dame ni da kira, na cire layin na jefar.

Sati biyu da suka wuce na ga talla a Facebook, wai rance ba jingina, ko da sunanka ya ɓaci. Na taɓa, ya kai ni WhatsApp. Mutumin Bahaushe ne sak, a hotonsa yana sanye da kwat da katin aiki rataye a wuya, Alhaji yake ce min. Ya ce shi ejan ne, shi ke haɗa mutane da masu ba da rance. Na biya 7,500 kuɗin fom. Bayan kwana uku ya turo takarda mai tambarin Babban Banki da sunana a jiki da dubu 500, ya ce an amince, saura inshora 18,000. Na biya. Jiya kuma ya ce kuɗin sun taso amma sun maƙale saboda tabon BVN ɗina, in turo 35,000 a wanke, kuma idan ƙarfe huɗu na Juma'a ta wuce an soke komai har abin da na riga na biya.

Kuɗin suna hannuna, amma na kayan ɗinkin wani ne. In tura?

Mai POS Kwangila:
Wa alaikumus salam. Kar ka tura ko sisi. Tambaya ɗaya: asusun da ka tura 7,500 da wanda ka tura 18,000 suna ɗaya ne? Kuma sunan kamfani ne ko na mutum?

Abban Sadik Tela:
Na farko sunan mace ne, na biyu sunan wani namiji daban. Ya ce ma'aikatan sashen kuɗinsu ne.

Mai POS Kwangila:
To magana ta ƙare. Irin wannan a rumfata nake ganinsu kusan kullum. Mutum ya zo da waya a kunne, wani yana karanto masa lambar asusu yana ce masa yi sauri. Idan sunan ya fito a injin na karanta masa, sai ka ga shi kansa bai taɓa jin sunan ba. Wasu ina hana su su ji, wasu su ce ni ɗan baƙin ciki ne su wuce rumfar gaba.

Maman Ilham:
Innalillahi. Abban Sadik ka yi haƙuri, babu mai yi maka dariya, bashi hanji ne yana cikin kowa. Ni da nake koyarwa, da sunan mai ilimi, dubu 22 aka ci min haka. Nawa ma da sunan tallafin mata ne. Abin da ya fi min ciwo har ƙawayena biyu na jawo, har yau ɗayar ba ta sake min fuska ba.

Baba Na PZ:
Yaro, ka zauna ka karanta wannan a tsanake. Na yi shekara ashirin da ɗoriya a aikin banki kafin in ajiye, rabi a sashen ba da rance.

Da farko dai babu wani abu wai shi wanke BVN. BVN da aka fara a 2014 shaida ce kawai ta cewa kai ne kai, yatsunka da hotonka da ranar haihuwarka. Ba a cikinta ake rubuta bashi ba. Bashi yana wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin rance, guda uku ne masu lasisin Babban Banki: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Wanda ya ba ka rance shi ke aika musu rahoto, wane ya ci kaza, ya biya kaza, saura kaza. Idan ka je wani banki neman kuɗi, dole ne su duba aƙalla biyu daga cikin ukun kafin su ba ka. Abin da yarinyar nan ta juyo maka a kwamfuta ke nan.

Wanda ya rubuta shi kaɗai ke iya gyarawa. Ko manajan bankinka ba zai iya goge abin da wata manhaja ta rubuta a kanka ba, balle wani mai kwat a WhatsApp. Akwai wani jerin daban na masu BVN da aka kama da zamba, wannan ba na masu bashi ba ne, kuma shi ma ba a fita daga cikinsa da dubu 35.

Na biyu, Babban Banki ba ya ba ɗaiɗaikun mutane rance, kuma ba ya rubuta wa tela takardar amincewa. Tambarin nan kowane yaro da ke shagon buga takardu a Samaru zai ɗora maka shi a minti biyar.

Na uku, kuɗin da banki ke caja a kan rance akwai su, ban ce babu ba. Akwai kuɗin gudanarwa, wanda ƙa'idar Babban Banki ta ce kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na abin da aka ba ka, sau ɗaya. Akwai inshora a wasu rancen. Amma duk a rubuce suke a takardar tayi da za ka sa wa hannu, kuma daga cikin kuɗin ake cirewa ko daga asusunka na bankin bayan an amince. A dubu 500 kashi ɗaya dubu biyar ke nan. Ba a taɓa cewa ka tura wa wata Hajiya a wani banki daban ba. Ka tambayi kanka, wanda zai ba ka dubu 500, me ya hana shi cire dubu 35 ɗinsa ya ba ka 465?

Abban Sadik Tela:
Baba wallahi na yi masa wannan tambayar. Ya ce na'ura ce ba ta yarda a taɓa kuɗin sai sun fita gaba ɗaya.

Baba Na PZ:
Na'urar da ke karɓa ba ta bayarwa. Allah Ya kyauta.

Alhaji Mai Kara:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, yarona ke rubuta min, amma dillanci na gada, shekara talatin ina cikin kara. Tun da nake ban taɓa karɓar la'ada kafin ciniki ya faɗa ba. Mai sa ya kawo sa, mai saye ya taya, a ja a ja, a ce Allah Ya ba da sa'a, kuɗi su shiga hannun mai dabba, sannan a ba ni nawa. Idan ciniki ya watse na tashi a tutar babu, yawun bakina da rana da na sha sun tafi a banza, kuma haka sana'ar take. Ko kafin alƙalami da ake bayarwa, mai kaya ake ba wa, kuma kayan kana ganinsu a ɗaure a turke. Wannan naku da yake karɓar la'ada sau uku ba a ga ko igiyar san ba, kada ku ɓata mana suna da ce masa dillali.

Maman Ilham:
Alhaji ka gama magana.

Sani Kafe:
Ni fa ina da ja. Kun taru kun mayar da duk wani ejan ɓarawo. Ina da shagon intanet, kuma lokacin rancen korona na 2020 da aka bayar ta bankin NIRSAL mutum nawa na cike wa fom suka samu? Dattijo ya zo bai san imel ba, bai san yadda ake ɗora hoto ba, in zauna da shi awa guda da man janareta na, in karɓi dubu ɗaya ko biyu. Wannan ma damfara ce? Kuma a ƙasar nan kowa ya sani idan ba ka da wanda zai tura maka takarda a ciki sai ta shekara a ƙasa.

Barista Ɗan Kongo:
Malam Sani, abu biyu ka haɗa. Kuɗin cike fom ladan aiki ne. Ka yi aikin, mutum ya gani da idonsa, ya biya, kuma shagonka yana nan gobe idan akwai matsala. Ba ka ce masa ka tabbatar zai samu ba. Da zarar ka ce kawo kaza ni zan sa a ba ka, ka shiga wani fagen. Ko dai ƙarya kake, wannan damfara, ko kuma da gaske kana da mutum a ciki, wannan cin hanci. Babu na ukun.

Sani Kafe:
Barista a takarda haka ne. A zahiri kuma waɗanda suka ba da kashi goma sun samu, waɗanda suka tsaya bin layi suna nan suna jira.

Baba Na PZ:
Sani, tunda ka taɓo wannan bari in faɗa maka ƙarshen labarin. Da yawa daga waɗanda aka cike wa fom ɗin nan an ce musu kyauta ce, rabonsu ne na gwamnati. Ejan ya yanki nasa ya yi gaba. Amma rancen da BVN ɗin wa aka ci? Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin da ake kira GSI, wanda idan ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance, ka ƙi biya, ana iya bin duk asusun da ke ɗauke da BVN ɗinka a kowane banki a cire. Na san mai sayar da hatsi da aka ba dubu 400, hannunsa ya riƙe 300, sauran na ejan, amma 400 ake binsa har da ruwa. Ran da kuɗin masararsa suka shiga wani bankin daban ya wayi gari an kwashe. Ya zo gidana yana rantsuwa shi bai ci bashin kowa ba. Ejan kuwa ko lambarsa ba ta shiga.

Sani Kafe:
Wannan ban musa ba. Ni dai ban taɓa ce wa kowa kyauta ce ba, kuma ban taɓa karɓar kaso ba.

Barista Ɗan Kongo:
To ai ba da kai ake ba ke nan.

Hajiya Lamuni Cikin Sauƙi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu buƙatar rance daga dubu 100 zuwa miliyan 5 ba jingina ba garanto cikin awa 24 ku yi min magana ta akwati. Rajista 5,000 kacal. Allah shaida ba yaudara.

Mai POS Kwangila:
Hahaha ikon Allah! Ana wa'azin ɓarayi ɓarawo ya shigo da buhu.

Shugaban Zaure:
Na cire ta. Asusun kwanansa tara da buɗewa, hoton kuma na wata ne aka ɗauko. Duk wanda ta riga ta shiga akwatinsa ya toshe. Ku ci gaba.

Malam Na Gyallesu:
Bismillah. Ina tausaya wa ɗan'uwa, Allah Ya mayar masa da alheri. Amma ina mamakin yadda aka yi ta magana babu wanda ya ce tun asali rancen ruwa ake nema, kuma hukuncin riba ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya nufi ƙofar da aka hana, in ya gamu da kare a bakinta kada ya yi mamaki.

Maman Ilham:
Allah gafarta Malam, gaskiya ka faɗa, amma mutumin nan matarsa aka shiga da ita ɗakin tiyata. A daren nan wa ya ba shi rance mai kyau? Mu da muke cika masallatai ina asusunmu na taimakon irinsa? Ba gardama nake da hukunci ba, amma a ba shi mafita tukuna.

Malam Na Gyallesu:
Malama kin yi gaskiya, kuma na karɓi gyara a kan lafazi. Mafita akwai. Shi ba kuɗi yake so ba, keke yake so. A sayar masa da keken bashi a kan farashin da aka yanke tun farko, ko da ya fi na hannu da hannu, ya riƙa biya kaɗan kaɗan, malamai da yawa sun halatta wannan matuƙar farashin ba ya ƙaruwa idan ya makara. Shi ne murabaha da bankuna irin su Jaiz da TAJ suke yi, su sayi kayan su sayar maka. Ɗan kasuwa ma zai iya yi. Sharaɗi a rubuta a kafa shaidu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma tsohon bashin nan, uwar kuɗin da ya karɓa haƙƙi ne a wuyansa, jefar da layi bai sauke shi ba.

Baba Na PZ:
Malam ya kawo hanya, sai dai in ƙara da cewa su ma bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suna duba tarihin nan kafin su saya maka ko allura. Don haka duk inda aka zaga, sai an koma kan dubu 40 ɗin nan.

Abban Sadik, ga abin da za ka yi. Dokar 2017 da ta tsara harkar tarihin bashi ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin nan. Ka nema ta shafinsu, ka ga wa ya rubuta ka, nawa ya rubuta. Wani lokaci za ka tarar abin da aka rubuta ya fi abin da ake binka, ko ma bashin da ka riga ka biya ba a sabunta ba, kuma kana da haƙƙin ƙalubalanta. Sannan ka nemi masu manhajar ta imel ɗinsu na hukuma, ba ta yaran da ke kira suna zagi ba. Ka ce kana son biya, a yafe maka tarar makara. Sau da yawa suna yarda, domin wanda ya ɓace shekara biyu ya dawo da kansa riba ce gare su. Duk abin da kuka daidaita a rubuce, ka biya cikin asusun kamfani, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a binka komai. Kada ka yi wasa da wannan takardar. Tabon ba zai ɓace rana ɗaya ba, tarihin zai nuna ka taɓa makara, amma zai nuna ka biya, kuma a idon mai ba da rance tsakanin waɗannan biyun akwai nisa.

Ka lura, dubu 35 ɗin da yake nema da 25,500 da ka riga ka tura, da wurin masu manhajar ka kai su da wataƙila sun kashe bashin gaba ɗaya.

Abban Sadik Tela:
Baba wannan lissafin shi ya hana ni barci jiya. Tsoron da nake ji kada in neme su su dawo da tura wa mutane saƙo. Wancan karon har surukina suka tura wa cewa ni ɓarawo ne, da hotona. Na yi wata biyu ban taka gidansu ba.

Barista Ɗan Kongo:
Wannan da suka yi maka laifi ne, bashi bai ba kowa izinin tozarta mutum ba. Saboda irinsa ne hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fito da tsarin rajistar masu ba da rance ta waya a 2022, kuma tana da jerin waɗanda ta amince da su a shafinta. Google ma tun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotunan mutane. Ka duba ko sunan naka yana jerin. Idan suka sake yi, ka ɗauki hoton saƙon ka kai ƙara can.

Wani abu da mutane ke ruɗuwa da shi: ɗan damfara zai turo maka takardar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ya ce ga shaida. Rajistar CAC suna kawai ta yi wa rajista, mai sayar da fura ma zai iya yi. Ba lasisin ba da rance ba ce. Bankuna da ƙananan bankuna jerin sunayensu yana shafin Babban Banki. Kuma ko sunan na gaske ne, a tabbata mutumin nasu ne, domin sun iya aron sunan kamfani mai rai. Ka taka ka je reshe ka tambaya, zuwa da kai ya fi aike.

Game da kuɗinka, abin da aka yi maka yana ƙarƙashin dokar zamba ta 2006, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. Gobe da safe ka je bankinka da rasit biyun, ka rubuta ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin, su tuntuɓi bankunan da kuɗin suka shiga. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda, EFCC ma suna da ofis a Kaduna. Idan sati biyu suka wuce banki bai ce komai ba kana iya kai maganar sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Ba zan yi maka alƙawarin kuɗin za su dawo ba, galibi minti kaɗan bayan sun shiga ake kwashe su. Amma rahoton yana sa a rufe asusun. Kada ka goge hirarku, kada kuma ka gaya masa ka gane.

Mai POS Kwangila:
Kuma masu asusun nan sau da yawa ba su ne ɓarayin ba. Yara ne ake ba dubu biyu ko uku su buɗe asusu su miƙa kati da layi. Akwai wani ɗan unguwarmu da aka zo aka tafi da shi a kan haka, uwarsa tana kuka tana cewa ko wayar kirki ba shi da ita. Iyaye a ja wa yara kunne.

Abban Sadik, bayan kuɗi me ka ba shi? BVN? Hoton kati? Wata lamba ta shigo wayarka ya ce ka karanto?

Abban Sadik Tela:
Na ba shi BVN da NIN da hoton fasfo. Ya nemi hoton katin ATM gaba da baya, na ce katin ya karye, don a lokacin raina ya ɗan ƙi. Lamba kuma ya ce za ta shigo bayan na biya na ƙarshen.

Mai POS Kwangila:
Allah Ya rufa maka asiri. Lambar nan ita ce wuƙar yanka. Da ka karanta masa, ko dai ya shiga asusunka ko ya ci wani rancen da sunanka, ka tashi da tabo biyu. Gobe in ka je banki ka gaya musu BVN ɗinka ya fita, ka canza lambobin sirrinka. Kuma bayan wata biyu ka sake duba rahoton da Baba ya ce, ka ga ko an ci wani abu da sunanka.

Ɗan Samaru a Ingila:
Ina biye da ku daga nesa. Kada ku ɗauka mu kaɗai ne, nan ma ana yi, kuma masu tabon bashi ake farauta saboda an san banki ya rufe musu ƙofa. Hukumar kula da harkar kuɗi ta nan, FCA, kullum cikin gargaɗi take. Bambancin shi ne dillalin rance a nan sai da rajista, kuma doka ta ce idan ya karɓi kuɗinka wata shida suka wuce ba ka karɓi rance ba, fam 5 kawai zai riƙe, sauran ya mayar. Duk da haka ana cin mutane, don ɓarawon ba ya cikin rajistar tun farko.

Sani Kafe:
Fam biyar ma a kuɗinmu ai ta fi kuɗin fom ɗin Abban Sadik.

Maman Ilham:
Sani kai dai ba ka rabo da tsiya.

Abban Sadik, bari in faɗi nawa na mata. Bayan an cuce ni na koma adashi, mu goma sha biyu, dubu 20 duk wata, kwasa 240. Na san adashi ma ana cinyewa, uwar adashi ta gudu ko wanda ya kwasa da wuri ya daina zubi, shi ya sa namu duk malaman makaranta ɗaya ne, kowa mun san inda albashinsa yake fitowa. Ku teloli ba ku da ƙungiya? Ko ta gama kai ce ku yi wa rajista ku riƙa ba juna. Mai binka a nan ya san shagonka, ya san yawan ɗinkin da kake samu a azumi, ba ruwansa da abin da kwamfuta ta ce.

Abban Sadik Tela:
Akwai Anti, ni ne ban ɗauke ta da muhimmanci ba, ina ganin dubu biyar biyar ɗin sati ba za ta kai ni ko'ina ba. Da tun bara na shiga da yanzu wani zancen ake.

Yanzu haka yana kira. Kira na shida ke nan tun magariba.

Barista Ɗan Kongo:
Kar ka ɗauka. Idan ya rubuto ka bar shi ya yi ta rubutu, hujja yake tara maka. Kuma ka shirya, nan da kwana kaɗan wani zai fito ya ce shi jami'i ne ko masanin kwamfuta, zai dawo maka da kuɗinka idan ka ba da na mai. Su ne dai, riga suka canza.

Abban Sadik Tela:
Jama'a barkanmu da Juma'a, na dawo da bayani. Jiya na je banki na rubuta ƙorafi, sun ba ni lamba, sun ce asusun farko ma an riga an kai ƙararsa. Na mayar wa mai kaya dubu 35 ɗinsa cikin yadi, na sayo shaddar da safe hankalina ya kwanta. Ƙanena ya taya ni neman rahoton, ya fito. Dubu 61 suka rubuta, alhali a lissafina ragowar uwar kuɗin ba ta wuce 24 ba, sauran duk tara ce. Mun tura musu imel.

Mutumin kuma ƙarfe huɗu ta wuce bai soke komai ba. Yanzu ya rubuto wai ya roƙi manaja an rage min zuwa dubu 15 saboda ya ga ni mutumin kirki ne.

Alhaji Mai Kara:
Ka ga dillalin da ke rage wa kansa farashi ba a taya ba. Yaro, akwai mai sayar da kekuna a kasuwar Sabon Gari da muka yi shekaru muna hulɗa. Ban yi maka alƙawari ba, amma idan za ka iya kawo rabi, zan tsaya maka a kan sauran zuwa bayan babbar sallah, a rubuta kamar yadda Malam ya ce. Sai na zo na ga shagon naka da idona tukuna, kuma sai na tambayi maƙwabtanka.

Abban Sadik Tela:
Alhaji Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma. Rabin ba ni da shi yanzu, amma in ɗinkin azumi ya kankama ina sa ran haɗawa. Shago a buɗe yake kullum, ka tambayi duk wanda ka ga dama.

Baba Na PZ:
Dubu 61 ɗin nan kada ka amsa musu da eh ko a'a tukuna. Ka buga rahoton a takarda, ka nemo duk alat na abin da ka taɓa biyansu, in sun ɓace tare da tsohon layin ka karɓi bayanan asusunka na 2023 a banki. Ka kawo min gobe Asabar bayan la'asar mu zauna mu lissafa, sannan mu rubuta musu amsa. Zan turo maka kwatancen gidan ta akwati. Ka taho da tef ɗinka, akwai yadin da ya shekara a durowa ina neman mai ɗinka min.